Kayana Sun Riga Ni Tafiya

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Ubangijinmu, iyayena da 'yan'uwana na zumuntar mata. Sunana Rifkatu. Da yawanku kun san ni tun kafin in tafi aikin jinya Riyad. Yau zan faɗa muku abin da ya same ni a can.

Mijina Bitrus yana Kanada. Ya sami izinin zama na dindindin, ya shigar da takardu domin in bi shi. Ni kuma ina Riyad da iƙama, katin zaman da yake ɗaure da aikina na asibiti. Da aka sanar da mu saura gwajin lafiya kawai, sai na ɗauka an gama. Na gaya wa asibiti ba zan sabunta kwantiragi ba. Na ɗaure kayana kaf: tukwane, keken ɗinki, katifa, zannuwan marigayiya mamata. Malam Sani, direba ɗan Kano da yake kai mu aiki, shi ya kwashe su zuwa siton wani kamfanin jigilar kaya a unguwar Sulay. A hanya ya tambaye ni ko ba zan jira takardar ta fito ba tukuna. Na yi dariya na ce masa ai kamar ta fito ne. Jirgin ruwa ya tafi da su.

Sai aka ɗauki hoton ƙirjina. Likita ya nuna mini wani tabo a huhun dama, ya ce sai an gwada kakina, sakamakon kuma zai ɗauki makonni. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san tarin fuka suke zargi. Na kuma san baƙon da aka samu da wannan ciwo ba a barinsa a ƙasar. Asibiti ya ce in zauna a gida. Maganar Kanada ta tsaya.

'Yan'uwa, na koma ɗakin da babu komai sai tabarma da akwati ɗaya. Har Littafi Mai Tsarkina, garin sauri, na sa shi cikin kwali ya tafi. In na yi tari sau ɗaya, sai in ce ciwon ne. Ana haka Bitrus ya aiko cewa kaya sun iso, amma an riƙe su, wai sai mai su ta zo. Kaya sun isa, ni ban isa ba! Daga ranar na daina ɗaukar wayarsa. Na rasa abin da zan ce masa.

Kullum Malam Sani yakan ajiye mini abinci a bakin ƙofa, matarsa Hajiya Binta ce ke dafawa. Wata rana da la'asar bai tafi ba, ya tsaya a waje ya ce, "Sista, maigidanki ya kira ni, hankalinsa a tashe. Don Allah ki ɗauki wayarsa. Muna yi miki addu'a, ke ma ki yi."

Maganar ta shige ni. Da ya tafi na durƙusa a kan tabarmar nan, na yi kukan da na daɗe ban yi ba. Na ce, "Ya Yesu, ba ni da kowa a ɗakin nan sai kai. In lafiya ce, na gode. In ciwo ne, kada ka bar ni." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Amma da na tashi, na ci abincin nan har na cinye.

Na kira Bitrus, na gaya masa komai. Ya ce, "Rifkatu, ba kaya na aura ba. In sun mayar da ke gida, gida zan zo in same ki."

Sakamako ya fito, babu ƙwayar cuta. Tsohon tabo ne. Da na kira gwaggona, ta ce ai ina ƙarama na yi ciwon haƙarƙari har aka fid da rai da ni. Ban taɓa sani ba. Ashe tun a lokacin Ubangiji ya riga ya cece ni sau ɗaya. Shugabar sashenmu, wata 'yar Filifin, ta roƙa aka ƙara mini wa'adin aiki. Na ci gaba da kwana a tabarma har takarda ta fito.

Na isa Kanada. Ranar da aka sakar mana kayan, muka tarar keken ɗinki ya karye, katifa ta yi fumfuna. Muka zauna a tsakiyar kwalaye ni da Bitrus, ina rungume da zanin mamata, muna ta godiya.

Yabo ya tabbata ga Allah! 'Yar'uwa, in kina jiran wata amsa da ba a hannunki take ba, kada ki rufe ƙofa ki yi shiru. Ki gaya wa Yesu, ki gaya wa naki. Wanda ya zauna da ni a ɗakin nan da babu komai, zai zauna da ke. Amin.