Mai I'ina a Teburin Gwanjo

Shugabar wannan makaranta, Malama Hruska, mai girma magajin garinmu, Dale Pospisil, wanda na ga ya soma gyangyaɗi tun ban buɗe baki ba, Fasto Lindgren, malamai, iyaye da kakanni da kuka baro shanu ba mai tsaro, da ku 'ya'yanmu da kuka kammala karatu yau, kuna ta zufa cikin dogayen riguna na aro: ina gaishe ku baki ɗaya, barkanmu da ganin wannan rana.

Ina godiya da aka ga dacewar ni, Darla Kucera, in tsaya a gabanku. An roƙe ni in taƙaita. Ku kwantar da hankalinku, sana'ata ce in sayar da garke guda kafin kofi ya huce.

Magana ta farko: burinku zai ba mutane dariya, ku bar su su dara. Manya a nan sun san da i'ina na tashi, irin wadda in na tashi roƙon gishiri sai an gama cin abinci. Amma kowace Alhamis nakan bi Baba kasuwar shanu, in saki baki ina kallon tsoho Vern Stukenholtz a teburin gwanjo, harshensa na zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Ran nan muna komawa na gaya wa Baba abin da nake so in zama. A bakin kasuwa na fara maganar, a ƙofar gida na ƙarasa ta. Ya kashe mota ya dube ni.

"Ke, Darla? Ai kafin ki ce kin sallama, saniyar ta haihu, sai a sake ciniki."

Ya yi dariya har da hawaye. Na taya shi, amma ban janye ba.

Magana ta biyu: za a koro ku, kuma mai korar zai yi da fara'a. Na tafi makarantar koyon gwanjo a wata jiha, malamin ya saurare ni, ya dafa kafaɗata ya ce, "Yarinya, kin san dabba. Amma ki nemi aiki a ɗakin karatu, can ne ake biyan mutum don ya yi shiru." Na dawo gida na kife a gado ina kuka. Mama ta leƙo ta ce, "In kin gama, shanu na jiran ciyawa."

A kan tarakta nake, ina rera waƙar coci don haushi, sai na lura harshena ba ya sarƙewa in ina waƙa. Daga ranar na koma rera farashi. Babu turken shinge a gonarmu da ban sayar ba, babu maraƙin da bai taya ba.

Da Vern ya gaji da nacina, ya ba ni gudumar gwanjo in sayar da wani tsohon alfadari mai ido ɗaya, wanda kowa ya san halinsa. Na rera, na rera, ba wanda ya motsa. Can wani saurayi a layin gaba ya ɗaga hannu. Na buga guduma: na sallama!

"Haba, Darla! Ƙuda na kora!"

Vern ya ce, "To ƙuda ya tafi, alfadari ya zo. Ja abinka."

Ba zan faɗi sunan saurayin ba, don yanzu babban mutum ne, ga shi nan ma ya farka. Barka da tashi, yallaɓai. Alfadarin ya daɗe a duniya, ya cinye furannin amaryarsa, ya ciji surukansa.

Magana ta uku ba ta dariya ba ce, ko da yake da dariya ta ƙare. Iyayenku sun tuna shekarar fari, lokacin da ciyawa ta ƙone, rijiyoyi suka ja baya, gida-gida aka riƙa kora garke kasuwa. A makon da Vern ya kwanta asibiti, a makon layi ya zo kan Baba. Shanun nan jikokin waɗanda kakana ya kiwata ne, kuma in ba su yi daraja ba, gonar ma tafiya za ta yi. Ni ce a tebur a madadin Vern. Aka buɗe ƙofa, jan bijiminmu ya shigo, na buɗe baki, harshe ya ƙi. Waƙar ma ta gudu. Na hango Baba ya cire hula ya miƙe, na ce shi ke nan, fita zai yi don kunya.

Sai ya ɗaga murya: "'Yata, ja'irin nan ya hamɓare ni ya fi a ƙirga. Rama min. Sayar da shi da tsada!"

Kasuwa ta kwashe da dariya, ni ma na fashe, harshe ya kwance. Na rera kamar ban taɓa rerawa ba, maƙwabta suka yi ta ɗaga hannu, kuma wannan karon ba ƙuda suke kora ba. Shanu sun tafi, gona ta tsaya. Da muka shiga mota, Baba ya daɗe bai tayar ba, yana kallon motocin da ke kwashe garkensa. Can ya goge ido ya ce, "Yarinyar nan, kin cika surutu."

Ban taɓa samun yabon da ya kai wannan ba.

'Ya'yana, har gobe ina i'ina a waya, abin bai warke ba, aiki kawai na yi da shi a bakina. Kada ku jira sai naku ya warke. Wanda zai tafi birni ya tafi, wanda zai tsaya a gona ya tsaya, amma ku tabbata abin da ke tashinku da safe naku ne.

Allah ya ba mu ruwa a kan kari, ya tsare garkenmu. Allah ya ba iyayenku haƙurin jin burinku har ƙarshe, ya ba ku taurin kan da za ku riƙe shi. Allah ya saka wa malamanku, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.