Gashin Ɗan Sarki a Rumfar Wanzami

A shekara ta 510, ta ashirin da tara ta mulkin sarkin Farankawa, lokacin da yake kawar da danginsa masu sarauta ɗaya bayan ɗaya, wani baƙo ya shiga rumfar wanzami Marsiyal a kasuwar Faris. Da ya yaye mayafinsa, sai gashi ya zubo har kafaɗa, irin wanda jinin sarauta kaɗai ke tarawa.

"Aske shi ƙwal, tsoho. Maza."

"Fice mini daga rumfa. So kake a sare mini hannu saboda na taɓa kan ɗan sarki?"

"Aski na ce ka yi, ba surutu ba."

"Har a rumfata umarni? Haka kuka tasa ɗana zuwa yaƙin Gotawa. Shekara uku ke nan, ko takalminsa ba ku dawo mini da shi ba."

"Ni ma na yi yaƙin nan, ga tabon mashi. Kuma ladana? Ɗan'uwan nawa, sarki, yana cigiyar dangin da suka rage. Waɗanda ya samu kafin ni duk suna ƙarƙashin ƙasa."

"Ashe tsoro ne ya kawo ka."

Marsiyal ya daɗe yana wasa askarsa.

"Zauna," in ji shi. "Sunkuyar da kai. Mu talakawa mun daɗe da iyawa."

Sarki ya rasu a shekara ta 511. Baƙon ya ƙara shekara talatin yana noman inabi, gashinsa kuwa bai sake wuce kunne ba.