Kafson Baba da Kokon Mama Nkechi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, gaisuwa gare ka da masu sauraro. Ni ce Hajiya Ladi mai tuwo, daga Onitsha.

Ina ƙarama rikici ya tashi, gab da yaƙin basasa. Babana albasa yake sayarwa a Kasuwar Ose ta nan Onitsha. Maƙwabciyarmu Mama Nkechi, wata nas 'yar ƙabilar Ibo, ita ta ɓoye mu a ɗakinta kafin mu samu motar Arewa.

A unguwarmu kuwa, kafso mai ja da rawaya shi ne maganin komai. Baba ya dinga buɗe shi yana zuba mini a ruwa, wai kada ciwo ya kama ni a hanya. Sai ga zawo, har na kasa tsayuwa. Shi kuma ya ƙara wani!

Mama Nkechi ta ƙwace kwalin, ta ce da Hausarta ta Jos, "Haba Malam Audu! Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani a hanjin mutum, su ke taya shi narkar da abinci, su tare masu cuta. Maganin nan har da su yake kashewa."

Ta yi ta ba ni koko da ayaba. Cikina ya lafa, na hau mota da ƙafata. Da na dawo Onitsha bayan yaƙi, ban same ta ba.

Jama'a, ban da shan kafso sai likita ya rubuta. Duk wanda ya san 'ya'yan Mama Nkechi, don Allah ya gaishe su, ya ce yarinyar nan mai zawo, jiya ta aurar da jikarta, har da taka rawa.