Kocinmu Ya Daina Gane Mu

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. Sabi'u ne daga Guangzhou, mai sarin jakunkuna.

Wani dattijon Bature, tsohon ɗan wasan baya a Ingila, shi ke horar da ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa duk Lahadi. Makon jiya ya dube ni ya ce, "Kai sabon zuwa ne?" Alhali mun shekara da shekaru tare. Matarsa ta ce likita na zargin yawan sa wa ƙwallo kai ne. Ta roƙe mu kada mu sallame shi, don fili kaɗai ke faranta masa rai. Abokaina kuwa sun dage a canza shi kafin gasa, kuma ni suka wakilta.

Masu sauraro, da wane baki zan faɗa masa?