Fatan Alherin Injiniyan Sifaniya

A teburin mai shayi, bakin wata masana'antar fata a Sharada, wani dattijo ya dubi baƙon saurayin da ke gefensa.

"Samari, lafiya kake magana kai kaɗai?"

"Baba, kalma ɗaya ce ta hana ni sakat. Injiniyan Sifaniya da ya kafa mana injin kankare fata zai koma gida. Ni na yi kwas a ƙasarsu, shi ne manaja ya ce in mayar da jawabinsa na ban kwana Turanci. Ya yi mana fatan 'dicha'. A wajensu farin ciki ce, kuma sa'a ce. A Turanci sai na zaɓa, 'happiness' ko 'luck'. Ni kuwa a ganina duk ɗaya ne."

Dattijon ya ɗaga hannun dama. Yatsu biyu suka rage.

"Ranar da injin saƙa ya ci wannan a Bompai, kowa cewa yake na yi sa'a, bai kai kafaɗa ba. Amma ban ga mai farin ciki a gidana ba. Injin naku, wuƙarsa na da murfi?"

"Sun ce sai baɗi zai iso."

"To rubuta sa'a. Ita za ku fi bukata."