Shisshigin Mai Busa

A ɗakin jiran likitan maƙogwaro, wani dattijo ya yi ta kallon matar da ke gefensa.

"Baiwar Allah, ba ke ce mai waƙar jaz a babban otal ba?"

"Ni ce, Malam," ta amsa a dushe.

"Na daɗe ina zuwa sauraronki. Amma bana mai busa ƙahon nan ya cika shisshigi. Da kin zo inda za ki ɗaga murya, sai ya danne ki."

"Ni na roƙe shi ya rufa wa muryata asiri." Ta murza bakin mayafinta. "Ashe ana ganewa?"

"A'a, ni dai a can baya nake zama..."

"Kai da ke can baya ma ka gane. Mai otal kuwa a teburin gaba yake zama."