Na Rasa Kwas, Amma Murna Nake Yi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sani ne daga Unguwar Rimi, murna ce ta sa na rubuto.

A ofishinmu an zaɓe ni zuwa kwas ƙasar waje saboda wani rahoto, alhali abokiyar aikina Hadiza ce ta rubuta shi. Kwana biyar ko abinci ba ya mini daɗi. Ranar Litinin na samu Darakta na ce, "Ranka ya daɗe, aikin Hadiza ne." Aka ba ta gurbin.

Wallahi a keke napep na koma gida ina ta dariya ni kaɗai. Yayana ya ce, "Ka yi wauta." Malam, a tambayar mini masu sauraro, in wauta ce, me ya sa ban taɓa jin daɗi kamar ranar ba?